Allurar Jijiyar Ƙafa Ba Ta Kemis Ba Ce

A ƙauyukan Kano, mara lafiyar da ya je asibiti aka sallame shi da ƙwayoyi zalla yakan koma gida yana gunaguni, wai ba a duba shi da kyau ba. Sai an soka masa allura ko an rataya masa ƙarin ruwa hankalinsa zai kwanta, ya ce yau kam an yi masa aiki. Wannan yarda tana da tushe. Kakanninmu sun ga fenisilin ta tayar da waɗanda aka riga aka cire rai da su, sun ga lamba ta kori agana daga ƙasar nan a 1970, iyayenmu kuma sun ga abin da allura ta yi a shekarun da sanƙarau ke shiga gida ya ɗebi yara. Sai dai yardar ta daɗe da wuce gona da iri, har ta kai duk wanda ya iya riƙe sirinji sunansa likita. Ana cikin haka wata sabuwar haja ta fara leƙowa. Macen da ke da babbar waya, ko a Gulu take ko a Yalwan Danziyal, za ta iya cin karo da ɗan gajeren bidiyo daga Legas, Alƙahira ko Dubai: ga cinya ko sharaɓa, siraran jijiyoyi ja da shuɗi sun bazu a kai irin na saƙar gizo, a kawo wata siririyar allura a taɓa, nan take su ɓace a gaban mai kallo. Bidiyon bai yi ƙarya ba, amma ko rabin zancen bai faɗa ba. Ni a ganina allurar nan magani ne na gaskiya, har ma muna da masu buƙatarta ƙwarai a wurare irin su Rimin Gado. Matsalar ita ce ba su ake yi wa tallar ba, kuma hannun da ya fi kusa da kai ta ƙauye shi ne wanda bai kamata ya taɓa ta ba.

Jinin da zuciya ta tura ƙafa dole ya dawo, kuma hawa yake yi. Abu biyu ke taimaka masa: naman sharaɓa da ke matse jijiyoyi duk lokacin da mutum ya taka, da wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyoyin, masu buɗewa jini ya wuce sama su rufe kada ya zubo. In ƙofofin suka saki, jini ya taru a ƙasa, jijiya ta buɗe ta fito. Tun 1994 likitocin jijiya suka jera wannan matsala mataki-mataki. Na 1 shi ne siraran nan da faɗinsu bai kai milimita 1 ba, da 'yan uwansu masu shuɗi-shuɗi da ba su kai milimita 3 ba. Na 2 shi ne manyan da ke fitowa ruɗu-ruɗu suna murɗewa. Na 3 kumburi, na 4 fata ta yi baƙi ta yi tauri a wajen idon sawu, na 5 da na 6 kuwa gyambo ne, wanda ya warke da wanda yake buɗe. Allurar da ake talla ta matakin farko ce, wato mafi sauƙin duka. Wani bincike da aka buga a 1999, wanda aka duba ƙafafun mutum 1,566 a birnin Edinbara, ya samu sama da kashi 80 cikin 100 suna da irin waɗannan siraran jijiyoyi. Abin da mutum 8 cikin 10 ke yawo da shi lafiya lau da wuya a kira shi cuta. Gado na kawo shi, shekaru da ƙiba da yawan tsayuwa wuri ɗaya na ƙara shi, amma ga matanmu babban dalili shi ne ciki. Mai juna biyu jininta na ƙaruwa, bangon jijiyoyinta na yin laushi, mahaifa kuma na danne manyan hanyoyin da jini ke bi ya hau. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna macen Arewa maso Yamma na haihuwa sau 6.6 a matsakaici. Ƙafar da ta ɗauki wannan nauyi ba za ta rasa shaida ba, ko da yake da yawa daga jijiyoyin da ciki ya fito da su suna lafawa da kansu cikin wata uku bayan an sauka.

Aikin allurar kuwa ɓarna ce da gangan. Ana zuba wani sinadari cikin jijiyar don ya ƙona bangonta na ciki, bangon ya manne, jini ya daina bi, jiki ya shanye ta a hankali cikin makonni, jinin ya koma bin lafiyayyun hanyoyi. Dabarar tsohuwa ce, kuma an lalata ƙafafu da yawa kafin a iya ta. A 1682 wani likita a Suwizalan mai suna Zollikofer ya ɗura asid a jijiya. A tsakiyar ƙarni na 19 likitocin Faransa suka gwada gishirin ƙarfe, aka yi ta samun ruɓewar nama, har wani taron likitoci a Liyon ya yi watsi da hanyar a 1894. Aikin bai samu mutunci ba sai da aka samo sinadarai masu dama-dama, irin su sodiyam tetradesil a 1946, sannan likita George Fegan na Dublin ya nuna a shekarun 1960, a kan marasa lafiya sama da 13,000, cewa rabin nasarar tana ga ɗaure ƙafar bayan allura da sa mutum ya yi ta tafiya. Polidokanol, wanda aka fi amfani da shi yau ga siraran jijiyoyi, an daɗe ana aiki da shi a Turai, amma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba sai 2010. A 2021 masu bitar bincike na Cochrane suka tattara gwaje-gwaje fiye da 30, suka ce lalle allurar tana ɓatar da jijiyoyin, tare kuma da barin tabo da fito da wasu sababbi ga wani kaso na mutane.

Yana da kyau mai karatu ya ga yadda ake yin ta in an bi ƙa'ida, domin a nan bambancin yake. Kafin a buɗe kwalba, likita zai sa mace ta tsaya ya duba ƙafar tun daga matsematsi har idon sawu, ya taɓa bugun jini a bayan ƙafa, ya tambaye ta ko tana da ciki, ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko magani ya taɓa tayar mata da borin jini. In ya ga alamar manyan jijiyoyi sun saki, sai an yi hoton sikanin da ke nuna inda jini ke bi da inda yake komowa baya. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa noman rani: in babbar hanyar ruwa ce ta ɓalle, toshe 'yan ƙananan kwatoci ɓata lokaci ne, gobe ruwan zai ɓullo ta wani gefen. Bayan an tabbatar da wannan ne za ta kwanta, a goge fata, a haska fitila mai ƙarfi, a ɗauko allura mai siririn baki ainun, a ɗan lanƙwasa ta, a shigar da bakinta kusan a kwance cikin jijiyar da ba ta kai kaurin zare ba. Abin da ake turawa a kowane wuri bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 10 na mililita ba, kuma ƙarfin maganin ya danganta da kaurin jijiya, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ga sirara, kashi ɗaya ga masu ɗan kauri. Ɓacewar nan da ake nunawa a bidiyo ruwan magani ne ya ture jini na ɗan lokaci. Bayan minti kaɗan wurin zai yi ja ya ɗan tashi, ainihin dusashewa sai bayan mako 3 zuwa 6. Daga nan a danna auduga, a sa safa mai matsewa, a ce ta tashi ta yi tafiyar minti 15 ko 20. Yawanci sai an sake zama sau biyu ko fiye, da tazarar makonni, kuma babu likitan kirki da zai yi alkawarin wasu ba za su sake fitowa ba.

Ko a hannun gwani, abin ba ya tafiya sumul. Tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin 10 sukan samu layi mai duhu a inda jijiyar take, sakamakon jinin da ya maƙale a fata, wanda kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya gushe. Baƙar fata ta fi saurin riƙe irin wannan tabo, wanda ke nufin macen da ta biya kuɗi don a share mata wani ɗan zane da sai an matso ake gani tana iya tashi da wanda ake hangowa daga ƙofar ɗaki. Wasu kuma sai wani gungu na jajayen jijiyoyi da suka fi na da sirantaka ya tsiro a gefen wurin. Waɗannan duk na fata ne. In maganin ya zube a wajen jijiya yana iya cinye nama ya bar miki mai wuyar warkewa. In aka yi kuskure ya shiga jijiya mai bugawa, wadda ke kai jini ƙasa, yana iya kashe naman da take ciyarwa, kuma an rubuta labarin waɗanda hakan ta kai ga yanke musu ƙafa. Akwai daskarewar jini a jijiyoyin ciki, akwai borin jini mai toshe numfashi cikin minti kaɗan, wanda sai da allurar adirenalin a kusa ake tsira. Munanan ba su da yawa, gaskiya ne, amma ƙarancinsu ya samu ne a inda masu yin aikin suka san tsarin jijiyoyin ƙafa kuma suka tanadi kayan ceto.

Akwai kuma wata magana da tallar ƙasashen waje ba za ta taɓa yi ba, domin tamu ce. A baƙar fata mai lafiya siraran jijiyoyi ba su cika nunawa ba. Binciken da aka yi a San Diyego ta Amurka a 2003 ya samu sun fi yawa ga farare a kan baƙaƙe. To me ya sa yanzu ake ganin 'yan mata da ko auren fari ba su yi ba cinyoyinsu da bayan gwiwarsu sun yi kore-kore da jijiyoyi, ga nanƙarwa ja mai faɗi? Amsar tana cikin robar man haɗi. Yawancin mayukan bilicin masu saurin aiki suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi irin su kilobetasol, wanda likitan fata ke bayarwa na 'yan makonni ga cuta takamaimai, ana kuma cakuɗa shi da haidirokwinon, wani lokaci har da zaiba. Shafa shi wata da watanni na sa fata ta yi siriri, naman da ke riƙe ƙananan jijiyoyi ya zaizaye, su buɗe su fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan hasken fata. Ana iya jayayya da adadin, amma duk wanda ya san rumfunan kayan shafa na Kano ya san ba ƙaramin ciniki ba ne, kuma a Kano ɗin hukumar NAFDAC ta ƙaddamar da gangaminta na yaƙi da bilicin a farkon 2023, lokacin da shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta kira bilicin matsalar lafiya ta gaggawa. Soka sinadari mai ƙuna a fatar da sitiroyid ya riga ya cinye ganganci ne, domin irin wannan fata ba ta warkewa da wuri, kuma muddin ana ci gaba da shafawa sababbin jijiyoyi za su ci gaba da fitowa. Maganin farko shi ne barin man, shi ma a hankali bisa shawarar likita, don yanke shi rana ɗaya na iya tayar da ƙuraje da ƙuna, har ya taɓa jikin wadda ta daɗe a kai. Wanda ya sayar da man ya kuma dawo da allurar gyara ɓarnarsa ya ci riba sau biyu a kan ƙafa ɗaya.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wa zai riƙe sirinjin. Rimin Gado tana kan titin Gwarzo, kusan kilomita 20 yamma da birnin Kano, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 104,790 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 225. Ƙasa ce ta gona ga gona, ƙauye ga ƙauye, kusa da birni yadda duk yayin da aka fara a Sabon Gari ko Zoo Road ba ya daɗewa bai iso ba, nesa kuma yadda ganin ƙwararren likita sai an ware masa yini da kuɗin mota. Wanda ke cike wannan giɓi shi ne mai kemis, sai ma'aikacin lafiyar da ke karɓar marasa lafiya a gida bayan ya tashi aiki, sai mai gyaran jiki da ta fara da dilka da halawa yau kuma ana jin har allurar hasken fata da ta ƙiba ake yi a wasu shagunan. Ba na raina mai kemis. A ƙauyuka da yawa shi ne ke buɗe da tsakar dare. Amma lasisin da PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, ke ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne, bai haɗa da shiga jijiyar mutum ba. Mun riga mun san abin da allurar da ba ta bisa ƙa'ida ke haifarwa. Akwai yaran da ƙafarsu ta shanye don an soke su a inda bai dace ba a ɗuwawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai allura marar tsafta ta jawo wa mutum miliyan 21 ciwon hanta nau'in B, miliyan 2 nau'in C, da mutum 260,000 ƙanjamau. Masar ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen ciwon hanta nau'in C ne saboda allurar tsargiya da aka yi wa miliyoyi da sirinjin da ba a dafa da kyau ba, daga shekarun 1950 zuwa 1980. A nan gida, binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B. Allurar jijiya kuwa suka ne da dama a zama ɗaya, kowane kai tsaye cikin jini. Abin mamaki, jihar Kano da aka yi kusan shekara ana lallashinta kan ɗigon foliyo a 2003 zuwa 2004 ita ce mutanenta ke miƙa hannu ga sirinjin da ba su san daga inda ya fito ba.

Za a ce jikinta ne, kuɗinta ne, kuma namiji ko likita ba shi da hurumin ce wa mace abin da ke damunta ba komai ba ne. Na yarda da wannan fiye da rabi. Macen ƙauye ƙafarta a rufe take, masu gani mijinta ne da abokiyar zamanta da ƙawayen amarya, kuma duk wanda ya san gidan kishi ya san ƙaramar magana a kan jiki na iya hana barci. Wasu siraran jijiyoyin ma suna zafi ko ƙaiƙayi. Ta fuskar addini kuwa, malamai sun daɗe da bambanta cire aibi da canza halitta. Sun kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yarje masa hancin zinare bayan an yanke nasa a yaƙi, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Maleshiya a 2007 ta halatta gyaran da ke kawar da aibi, da sharaɗin amfaninsa ya rinjayi cutarwarsa kuma ƙwararre ne zai yi. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne dukkan maganata. Wadda ta ji bayanin tabo da na maimaici, aka duba ta, ta ga tana da hali, ta je wurin likitan tiyata ko na fata mai rajista ta yi abinta, ba mai ce mata don me. Amma zaɓin da aka gina a kan bidiyon daƙiƙa 30 da alkawarin mai shago bai cika zaɓi ba, garin neman gira ne ake shirin rasa ido.

Ƙalubale na biyu ya fi ƙarfi. In aka ce sai asibitin birni, ai an ce matan masu kuɗi kaɗai ke nan. Me zai hana a koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko, tunda tun 2014 Nijeriya ke da manufar sauke wasu ayyukan likitoci a kansu, kuma ga su nan suna sa ashanar tazarar haihuwa, suna yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a tura ta gaba? Amsa ita ce wannan manufa ma'auni gare ta. Mai jijjiga in aka jira likita mutuwa za ta yi, don haka haɗarin hannun da bai gama ƙwarewa ba ya fi sauƙi a kan haɗarin jira. Mai siraran jijiyoyi kuwa in ta jira shekara goma ba abin da zai same ta. Inda jira ba ya kisa, babu hujjar rage ƙa'ida. Ko a Ingila, inda gwamnati ke biyan kuɗin magani, ba a cika yi wa mutum wannan aiki kyauta don kwalliya ba, kuma ƙa'idar da suka fitar a 2013 ta ce mai ciki safa za a ba ta, a dakata da sauran sai ta haihu. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita, tura manomi ya sayar da buhun masara ko akuya don zama uku na allurar da ba tilas ba, a hannun wanda ya koye ta a mako guda, ban ga inda ya zama adalci ga talaka ba.

Ga inda nake ganin allurar ta cancanci a kawo ta. A kusan kowane ƙauye akwai dattijo ko dattijuwa mai gyambo a saman idon sawu ta ciki, fatar gefensa ta yi baƙi ta ƙandare, an naɗe shi da tsumma, ana farke kafso ana barbaɗawa, ya rufe da rani ya buɗe da damina, shekara da shekaru. Wasu sikila ce ta jawo, wasu ciwon suga, wasu tsohon rauni, amma wani kaso mai yawa mataki na 6 ne na waccan matsala ta ƙofofin jijiya. Maganinsa sananne ne: a tabbatar jini na isa ƙafar, a ɗaure ta da bandeji mai matsewa yadda ya kamata, a kuma rufe babbar jijiyar da ke mayar da jini baya. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum 450, aka buga a 2018, ya nuna waɗanda aka rufe wa jijiyar da wuri gyambonsu ya warke cikin kwana 56 a matsakaici, waɗanda aka jinkirta wa kuma kwana 82. Ɗaya daga hanyoyin da aka bi a gwajin ita ce wannan allura, amma an kaɗa maganin da iska ya zama kumfa, dabarar da wani likitan Italiya mai suna Tessari ya sauƙaƙa a wajen 2000 da sirinji biyu da ɗan famfo a tsakani. Kumfar na cika babbar jijiya, ana bin ta da ido a na'urar sikanin. Ba ta buƙatar ɗakin tiyata ko sa barci, mutum na tashi ya taka zuwa gida, kuma ta fi injin lesa araha nesa ba kusa ba. Ga jihar da ke da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Murtala, da na Nassarawa, inda akwai likitocin tiyata da masu ɗaukar hoto, ware rana ɗaya a mako don masu gyambo da kumburarrun jijiyoyi abu ne da bai fi ƙarfin kasafi ba. Manomin da gyambo ya hana shi sunkuyawa a kunya ya fi kowa cancantar kwalbar farko.

Wani zai ce duk wannan cutar Turawa ce, ya kawo Denis Burkitt, likitan da ya daɗe yana aiki a Yuganda, wanda ya rubuta a 1972 cewa kumburin jijiyoyi bai cika samun mutanen karkarar Afirka ba, ya danganta hakan da abinci mai dusa da yanayin rayuwa. Ko da ya yi daidai a zamaninsa, karkarar da ya gani ta canza. Taliya da farar shinkafa sun shiga inda dawa da gero suke, babur ya karɓe tafiyar ƙasa, tela da mai shago da ɗan acaɓa suna wuni ƙafa na lilo ko a tsaye. Kuma ko da matsalar jijiya ba ta kai ta Turai yawa ba, ƙafa na faɗin abubuwan da suka fi ta girma. Kumburin ƙafa ga mai ciki, in ya haɗu da ciwon kai da kumburin fuska, na iya zama share fagen jijjiga. Ga mai jego, in da haki da kasa kwanciya rigingine, na iya zama ciwon zuciyar bayan haihuwa, wanda binciken Zariya na shekarun 1970, da na Sakkwato, da wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, duk suka nuna ya kai kusan haihuwa 1 cikin 100 a wasu asibitocin Arewa, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya tana zafi na iya zama daskararren jini da zai iya tafiya huhu. Akwai tundurmi, akwai ciwon ƙoda. Wanda idonsa ke kan sayar da allura ba zai tsaya tambayar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Saboda haka abin da ma'aikacin asibitin ƙauye ke buƙata horo ne na rarrabewa, wanda ba ya cin kuɗi: ya san wadda zai kwantar wa hankali ya ce ta riƙa tafiya, ta ɗora ƙafa a kan filo da dare, ta rage tsayuwa wuri ɗaya, wadda zai tambaya a hankali wane mai take shafawa, da wanda zai rubuta wa takarda zuwa birni yau ba gobe ba. Ya kuma koya wa mutane cewa kumburarriyar jijiya ba wurin ƙaho ko tsagar wanzami ba ce, kuma in ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a danne bakin da tsumma mai tsafta, kada a bar shi a tsaye ko a zaune jini na tsiyaya. Sauran aikin na hukuma ne, kuma ya fi sauƙi yanzu da abin bai yaɗu ba. PHIMA, mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a Kano, ta saba rufe wuraren da ba su da rajista. Ya kamata ta fito ta faɗa cewa shagon gyaran jiki da ke soka allura ya shiga huruminta. Tun da aka mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa kasuwar Dangwauro a 2024, an samu ƙofa ɗaya da NAFDAC da PCN za su iya tsayawa a kai. Polidokanol da sodiyam tetradesil ba magungunan da ake sha a gida ba ne, masu sayensu na halal a duk jihar ba su da yawa, don haka ba wuya a ce kada kwalba ta fita sai da takardar asibiti mai rajista da sunan likitan da zai yi aiki da ita.